Hukuncin Taya Masu Fim Ɗaukar 'Yan Kasuwar Hauren Giwa A Ɓoye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, tafinta nake yi. Wasu masu shirya fim na bincike kan kisan giwaye sun nemi in shiga kasuwa a Lekki da ƙaramar kyamara a aljihun riga, in nuna ni mai saye ne. Sun ce in nemi ɗanyen haure mai yawa, in babu a ƙasa in sa a aika a kawo. Masu sayarwar 'yan Arewa ne irina. Abokina ya ce magabata sun halatta cinikin haure, don haka zaluntar su zan yi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, tona ɓarnar da ta shafi jama'a ba giba ba ce, kuma karɓar lada kan tafinta halal ne. Inda na tsaya shi ne maganarka "in sa a aika a kawo". Ka san daga ina za a kawo? Yawancin hauren da ke bi ta Legas daga dazuzzukan Kamaru, Gabon da Kongo yake fitowa. Ranar da dillali ya ji akwai mai kuɗi yana jira, saƙo zai kai ga mai bindiga. Ka fita hana kisa, ka zama sanadinsa. Wannan ɓangaren bai halatta ba, ko nawa suka biya. Ka ɗauki abin da ka tarar a shago, kada ka sa a nemo, kada ka ba da kafin alƙalami.

Maganar abokinka kuwa tana da asali, amma ya ajiye ta a inda ba wurinta ba. Bukhari ya kawo cewa Ibnu Sirin da Ibrahim ba su ga laifin cinikin haure ba, Zuhri kuma ya riski malamai suna taje kai da shi. To ka duba babin da ya kawo zancen: a littafin alwala ne, ana tattauna tsarki da najasa. Tambayarsu ita ce ko ƙashin mushe yana da tsarki. Ko a nan ma an saɓa, Risala da muka karanta a zaure ta karhanta amfani da haƙoran giwa, Shafi'iyya suka ce najasa ne. Babu ɗayansu da aka tambaya game da wanda zai harbe uwa, ya sare fuskarta da gatari, ya bar gawa tana ruɓewa. An ruwaito cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙi ba za a tambaye shi, ina ga dabbar da ke ɗaukar ciki wata 22 kafin ta haifi ɗaya? Sannan shugaba yana da ikon hana halal saboda maslaha. An haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, Najeriya tana da dokarta tun 1985, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kusan tan 2.5 na haure a Abuja. Giwayen Yankari da suka rage amana ce a wuyanmu. Zaman masu sayarwar 'yan Arewa bai canza komai ba.

Sai nasiha, ko ba ka tambaya ba. Dillali zai gwada ka, zai ce ka rantse ba hukuma ce ta turo ka ba. Kada ka rantse da Allah a kan ƙarya, ka tashi ka fita. Ka sa a rubuta cewa za a rufe fuskokin yaran shago da masu dako, su ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kada ka yarda a biya ka gwargwadon mutanen da ka kama a kyamara, wannan yana kai mutum ga ƙage. Kuma masu fim za su hau jirgi su tafi, kai kana nan Agege da iyalinka. Ka tambaye su kariyar da suka tanadar maka, ka shawarci mahaifanka, ka yi istihara. In ba su ba ka amsa mai gamsarwa ba, ka kai abin da ka sani ga kwastam ko NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ka bar kyamarar.

Wallahu a'alam.