Bargon ƙarƙashin gadon lilo a yanayi mara tsananin sanyi

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa bayanka ke yin sanyi a gadon lilo, wato gadon yadi da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu, alhali kana cikin jakar barci. Nauyinka ne ke danne audugar jakar, iska kuma tana ratsawa ta ƙasa tana kwashe ɗuminka.

Maganinsa bargon da ake ratayawa a ƙarƙashin gadon daga waje. Idan daren bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, mai gajeren tsawo ya isa, daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka sa rigarka ƙarƙashin ƙafafu. Ni na fi son na zaren roba a kan na gashin agwagwa, don raɓa ba ta kashe ɗuminsa. Ka ja igiyoyinsa ya manne da bayanka, don ko ɗan giɓi kaɗan ne, sanyi zai shiga ya tashe ka da asuba.