Daga Lima zuwa Arica ta mota: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko mako biyu zai ishe ka ka bi gaɓar tekun Peru ta mota daga Lima har ka shiga Chile. Zai ishe ka, na bi hanyar da kaina. Sai dai kada ka yanki tikitin kai tsaye zuwa Tacna, babban garin ƙarshe a Peru kafin iyakar Chile. Tafiyar kusan awa 20 ce, rabinta cikin dare, za ka wuce duk abin da ya kai ka can kana barci.

Ka ɗauki rigar sanyi mai kauri. Na je a watan Agusta, lokacin sanyinsu ke nan. Ruwan tekun wajen mai sanyi ne, igiyar Humboldt ce ke kawo shi daga kudu, shi ya sa ruwan sama ba ya sauka sosai, gaɓar ta zama hamada. A Lima wani hazo mai laima da suke kira garúa yake rufe gari, sai ka yi kwanaki ba ka ga rana ba. In za ka shiga bas a titin Panamericana, ka nemi kujerar hannun dama. Ta nan teku yake, ta hagu kuwa rairayi da tsaunuka tsirara.

Zangon farko Paracas, kamar awa huɗu. Da sassafe ka shiga kwale-kwale zuwa tsibiran Ballestas. Tun kafin ku isa warin kashin tsuntsaye zai tare ku, duwatsun sun yi fari fat da shi. Wannan kashin ne Peru ta riƙa sayar wa Turai a matsayin taki a ƙarni na 19, ta yi arziki da shi. Na daɗe ina kallon wurin nan, wallahi ya tsaya min a rai. Huacachina, ɗan tafkin da tudun rairayi ya kewaye kusa da Ica, kwana ɗaya ya isa. A Nazca akwai manyan zane-zane da mutanen dā suka yi a ƙasan hamada, waɗanda ake kallo daga jirgin sama; in kuɗin jirgin ya yi maka yawa, akwai hasumiya a bakin titi inda za ka hango wasu daga cikinsu.

Arequipa ba a bakin teku take ba, amma ka ratse ka ba ta kwana uku. Tana kan tudu da ya haura mita 2,300 sama da teku, ranar farko ka yi tafiya a hankali. Da farin dutse aka gina tsohon garin, dutsen Misti yana tsaye a bayansa.

Batun abinci ka kula da naman alade, suna sa shi a wurare da yawa. Ka riƙe kalmomin "cerdo" da "chancho", duk alade suke nufi. Kifi shi ne mafita, ko da yake ceviche ɗanye ne, lemon tsami kawai ke dafa shi, ka ci da rana a inda mutane suka cika. In ka iya, ka daidaita Juma'arka a Tacna, akwai masallacin Bab-ul-Islam da 'yan kasuwar Pakistan suka gina.

Daga Tacna zuwa Arica, garin farko a Chile, bai kai kilomita 60 ba, ƙananan motocin haya suna ɗauka. Chile ba ta wasa da shigo da 'ya'yan itace da nama. Na rubuta dabinon da ke jakata a takardar da ake cikewa a iyaka, suka karɓe, ban biya tara ba. Bizar ƙasashen biyu ka kammala ta tun kana gida, kuma ka gyara agogonka, na Chile yana gaba.