Jordan Ko LeBron, Wa Ya Fi?

Tambaya: Malam, a majalisarmu ta Agege kullum gardama ake yi, dattawa na cewa Michael Jordan, matasa kuma LeBron James. Wane ne gwani a ƙwallon kwando? Daga wani mai karatu a Legas.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin a yanke hukunci sai an duba zamanin da kowa ya yi wasa. Jordan ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau 6 tare da Chicago Bulls tsakanin 1991 da 1998, bai taɓa faɗuwa a wasan ƙarshe ba. LeBron ya ci sau 4 da ƙungiyoyi uku, sannan a Fabrairun 2023 ya zarce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, wanda a lokacin ya fi kowa tara maki a tarihin NBA, abin da ke nuna juriya ta shekaru masu yawa. Idan kofi ne kaɗai ma'auni, to Bill Russell ya fi su duka da 11, sai dai a lokacinsa ƙungiyoyi ba su da yawa, kuma layin maki uku, wanda jefa ƙwallo a raga daga bayansa ke ba da maki uku, bai shigo NBA ba sai 1979, wanda ya sauya tsarin wasan gaba ɗaya.

Ni a ganina Jordan ya fi kaifi a ƙololuwar tashensa, LeBron kuma ya fi daɗewa yana kan gaba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne kuna Legas amma ba ku ambaci Hakeem Olajuwon ba, haifaffen garin nan, wanda ya ci kofi a 1994 da 1995 tare da Houston Rockets.