Tambayi Likita: Yara Za Su Koma Aji Ga Korona Bata Tafi Ba

(An rubuta wannan ne a Janairu 2022, tsare-tsaren korona da aka ambata a ciki na wancan lokacin ne.) Assalamu alaikum jama'armu na Makka da Jidda da Madina. Tunda aka sanar cewa 'yan ibtida'i da rauda (wato firamare da nazare) za su koma aji ranar 23 ga Janairu 2022 tambayoyi suketa shigowa, kuma ban ga laifin kowa ba, yaran nan tun Maris 2020 suke gida suna karatu ta intanet gashi kuma nau'in korona mai suna Omicron ta shigo gari. Ga huɗu daga ciki.

Wata uwa daga Misfala: Likita ɗana shekararsa 8, wani lokaci yakan tashi da ɗan zafin jiki da mura amma da na bashi Panadol sai ya ware, zan iya turashi madrasa? bana so a rubuta masa giyab (fashin makaranta).

Hajiya dan Allah kar ki turashi. Wannan ita ce babbar hanyar da cuta take shiga aji, ba ta bakin ƙofa da ake auna zafi ba, ta hannun iyaye masu kyakkyawar niyya irinki. Panadol zafin kawai yake saukarwa na 'yan awowi, ƙwayar cutar tana nan a hancinsa da maƙogwaronsa, sai ya wuce mai awon zafi lafiya lau ya shiga ya zauna cikin yara yana tari yana atishawa, kafin azahar maganin ya sake shi zafin ya dawo, a lokacin kuwa ya riga ya raba wa na kusa da shi su kuma su kai gida inda akwai kaka mai ciwon suga ko hawan jini. Kuma Omicron bata jira, kwana 3 ma ya isa alamunta su bayyana a jikin wanda ya ɗauka. In zafin ya kai 38, ko akwai tari ko ciwon wuya ko gudawa, ya zauna a gida, ki sanar da malaminsa, ki nemi mau'idin gwaji (wato a tsayar miki da lokaci) ta Sehhaty, manhajar ma'aikatar lafiya. Ko gwaji ya nuna ba korona bace ki bari sai ya yi kwana ɗaya cur ba zazzaɓi kuma ba tare da magani ba. Giyab na kwana biyu ba zai kayar da yaro ba wallahi. Sannan banda asfirin ga yara, banda kuma ragowar antibayotik ɗin da ke cikin durowa, baya kashe ƙwayar mura balle ta korona.

Wani malamin tahfiz daga Karantina a Jidda: Ɗakinmu ƙarami ne yara sun yi yawa, mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) a kunne taga a rufe, kullum ina goge ƙasa da ƙofa da Dettol, ya isa?

Malam Allah ya saka da alheri, gugar tana da kyau amma ba nan gizo ke saƙa ba. Cutar nan a iska tafi yawo, kuma mukayyif irin na bango iskar ɗakin yake sanyayawa ya dawo da ita, baya kawo sabuwa daga waje. Ga karatu da ƙarfi, yaro mai ɗaga murya yafi mai shiru fitar da tururin numfashi nesa ba kusa ba. Ka buɗe taga da ƙofa ko da mukayyif na aiki, ka raba yaran kashi biyu wasu bayan la'asar wasu bayan magariba, in akwai tsakar gida ko saman bene ku fita can tunda yanzu Janairu ne zafi yayi sauƙi. Kowa ya zo da gorar ruwansa, a daina kofi ɗaya na zagayawa. A aje sabulu wajen alwala su wanke hannu kamar daƙiƙa 20, alwala kaɗai ba sabulu bata wadatar a nan.

Wata daga Madina: 'Yata shekara 4 tana cire kamama (takunkumi) tana taunawa, in tilasta mata?

A'a 'yar'uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya bata ce a tilasta wa 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba, ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa sam ba a sa masa. Takunkumin da ya jiƙe da yawu bashi da amfani. Manyan ki sa musu guda biyu a jaka su canza, ya rufe hanci ba haɓa ba.

Wani uba daga Shari'u Mansur: Igamata (takardar izinin zama) ta mutu, in yaro ya kamu tsoron mustashfa (asibiti) nake ji.

Alhaji na fahimci tsoronka, da yawa cikin mutanenmu haka suke zaune da ciwo a ɗaki har abu ya lalace, abin yana min ciwo sosai. Ka sani a ranar 30 ga Maris 2020 Sarki Salman ya bada umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai igama har da wanda takardunsa basu cika ba. Ka fara da kiran 937, layin ma'aikatar lafiya ne dare da rana, likita zai saurare ka ya faɗa maka inda zaka je. Amma in ka ga yaro yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, ko ya ƙi shan komai, ko barci ya rinjaye shi baya farkawa sosai, to wannan ba na jiran safiya bane, ka kira 997 motar asibiti tazo ko ka ɗauke shi da kanka zuwa ɗawari (sashen gaggawa na asibiti) mafi kusa a daren nan.