Ƙanena ya ce wa likita ba ya shan komai, ya za a yi a gane gaskiya?

Tambaya: Salam likita. Daga unguwar Birni nake nan Damagaram. Ƙanena na da taɓin hankali, duk randebu sai a tambaye shi kana shan wani abu, ya ce a'a, a rubuta, alhali na san yana haɗiyar tramol. Ya za a yi a yarda da bakinsa? Ba gara a auna fitsari kawai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

"Kana sha?" tsurarta ba awo ba ce, kowa a'a zai ce balle yaro a gaban yayarsa. Amma akwai tsararrun tambayoyi na hukumar lafiya ta duniya, OMS. AUDIT tambaya 10 ce kan giya, maki daga 0 zuwa 40, in ya kai 8 mu fara damuwa. Mu a nan ASSIST ta fi mana amfani, tambaya 8, don tana bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, taba, giya, wiwi, sholisho, ƙwayoyin barci irin su diyazefam, da dangin tramol da kodin, ta tambayi sau nawa cikin wata 3 da suka wuce.

Kuma salon tambayar shi ne komai. Ni ba na cewa kana sha, sai in ce na dala nawa kake saye a rana, ja ce ko koriya, ƴar miligiram 120 ko 225? In mantuwa ta yi masa yawa, wanda ciwon ma kansa yana kawo ta, sai mu bi kwanaki baya baya da abin da zai tuna, ran Alhamis kasuwar Dole me ka sha, ran Juma'a bayan masallaci fa, haka har mu haɗa sati biyu ko wata. Ana yi ne shi kaɗai ba kowa a ɗakin, ba lokacin da ciwon ya motsa ko yana cikin maye ba, kuma sai ya tabbata maganar ba za ta kai gun baba ko ƴan sanda ba. In an cika waɗannan wallahi da yawansu suna faɗin gaskiya fiye da yadda ake zato, taɓin hankali ba ya mai da mutum maƙaryaci, tsoro da kunya ne ke rufe baki.

Fitsari yana taimakawa amma yana da iyaka. Giya awoyi kaɗan ta fice daga jiki, wiwi kuwa mai sha kullum za ta iya nunawa makonni bayan ya bari, sannan tramol galibi ba ya fitowa a tsinken gwajin da aka saba sai an nemi nasa na musamman. Kuma fitsari ba zai ce miki guda nawa yake sha ba ko me ya sa, mu kuma wannan muke nema, don tramol na jawo farfaɗiya, kuma haɗa shi da wasu magungunan ciwon damuwa haɗari ne babba.

Randebu mai zuwa ki nemi ganin likitan ke kaɗai, ki kai masa fankon katin ƙwayar in kin tsinta a aljihunsa ko ƙarƙashin katifa, ki roƙa a zauna da shi su biyu. Kar ki tsare shi a gaban mutane, kar kuma a yanke masa shan ƙwayar lokaci guda a gida, musamman in akwai diyazefam ko giya a ciki, yankewar farat ɗaya na iya kawo jijjiga, a hankali ake ragewa a hannun likita.