Iskar CO2 da Halin Dutsen da ke Riƙe da Ɗanyen Mai

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin injiniyancin man fetur. Idan aka tura iskar CO2 cikin tsohuwar rijiya domin ƙara yawan man da ake samu, shin tana sa dutsen ya fi son ruwa ne ko mai?

Amsa: Tana iya yin kowanne daga cikin biyun, gwargwadon irin dutsen da irin ɗanyen man. Ka tuna yadda ɗigon ruwa ke dunƙulewa a kan ganyen gwaza amma ya baje a jikin sabuwar randa. Abin da muke aunawa ke nan da kusurwar ɗigo, wato kusurwar da gefen ɗigon ruwa ke yi da fuskar dutse. Ƙasa da digiri 75 dutsen na son ruwa, sama da 105 kuma ya karkata ga mai.

A cikin rijiya mai zurfi, inda zafi ya wuce digiri 31 na Salsiyos kuma matsi ya haura bar 74 (bar ma'aunin matsi ne), iskar takan yi kauri kamar ruwa. Idan ta narke a ruwan gishirin da ke cikin kofofin dutse sai ta mai da shi mai tsami, har ma'aunin tsami na pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya iya saukowa kusan 3. A dutsen farar ƙasa, wanda yawanci mai ya riga ya manne masa, tsamin yana cin fatar dutsen, ya saki sinadaran man da suka kama ta, sai ruwa ya samu wurin zama, man kuma ya kama hanya. A dutsen yashi kuwa tsamin yana rage cajin lantarkin da ke riƙe da siririn ruwan da ya lulluɓe ƙwayoyin, don haka son ruwansa yakan ragu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne asfaltin, wato sashen man mai nauyi kamar kwalta. CO2 na iya sa shi ya rabu da man ya kwanta a jikin dutse, ya mai da shi mai son mai, ya kuma toshe kofofin.

Sai dai tun daga filin SACROC na jihar Texas a Amurka, inda aka fara tura CO2 cikin rijiyoyin mai gadan-gadan a 1972, babban amfanin iskar shi ne kumbura man da tsinka shi. Sauyin halin dutse yana biyo baya ne, kuma kafin a yi hasashensa sai an gwada gutsuren dutsen rijiyar tare da man da ruwan da ke cikinta a ƙarƙashin zafi da matsi irin na can ƙasa.