Takobin Kokowa da Rawanin da Ba Ya Bushewa: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wata malamar makarantar Lahadi daga unguwar Sabon Gari a nan Damagaram ta aiko da tambaya. Ta ce fastonsu ya kwatanta rayuwar mai bi, wato Kirista, da gasar kokowa, tana kuma son sanin ko "nasara", "galaba" da "rinjaye" abu ɗaya ne, da kuma wadda ta fi dacewa ta koya wa yara.

Malama, sannu da ƙoƙari. Kalmomin uku suna da kusanci, amma ba su zama ɗaya ba. Galaba da rinjaye ba sa tsayawa sai da wanda aka kayar, shi ya sa muke cewa an yi galaba a kan wane, ko wane ya rinjayi wane. Nasara kuwa daga Larabci muka aro ta, inda tushenta yake ɗauke da ma'anar taimako, kuma wannan ma'ana ba ta ɓace a bakin Bahaushe ba, tunda addu'armu ita ce "Allah ya ba da nasara", kuma mukan ce an gama aiki cikin nasara ba tare da kowa ya sha ƙasa ba.

Kwatancen da fastonku ya yi yana da tushe. Tun daga 1975, lokacin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, jihohin Nijar suke aiko da ƙarfafansu, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Langa-Langa a nan Damagaram ya san cewa komai yawan 'yan kokowa, takobin da ake ba zakara guda ne. Manzo Bulus ya san irin wannan fage, domin a zamaninsa, kusa da birnin Korinti na ƙasar Girka, ana yin manyan wasanni duk bayan shekara biyu, inda ake naɗa wa zakara rawanin ganye. A Littafi Mai Tsarki, 1 Korintiyawa 9:24-27, ya tuna wa masu bi na Korinti cewa masu tsere duka suna gudu amma ɗaya ne yake karɓar lada, kuma ɗan wasa yana hana kansa abubuwa da yawa saboda rawanin da zai bushe, alhali mai bi yana neman wanda ba ya lalacewa. A wannan gefen, karin maganar da ta dace ita ce "kowa ya ci zomo ya ci gudu", wato babu mai samun abu mai daraja yana kwance.

Sai dai kwatancen yana da iyaka, kuma ina roƙonki kada ki ɓoye wa yara iyakar. Ɗan kokowa ba ya ɗaga takobi sai ya kai ɗan'uwansa ƙasa, kuma baɗi dole ya sake shiga fage, inda wani matashi zai iya raba shi da sarautar. A 2 Timoti 4:8 kuwa Bulus ya ce rawanin adalci ba nasa ba ne shi kaɗai, na dukan masu marmarin bayyanar Ubangiji ne, sannan Afisawa 6:12 ta bayyana cewa kokowar mai bi ba da ɗan Adam ba ce. A gari irin namu, inda Kirista da Musulmi suke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, ina ganin babban kuskure ne yaro ya tashi yana ɗaukar maƙwabcinsa abokin karawa. Saboda haka kalmar nasara ce na fi so ki riƙe. 1 Yohanna 5:4 ta danganta nasara a kan duniya da bangaskiya, ita kuwa kalmar bangaskiya ginin Hausa ce tsantsa, irin na "ban ruwa" da "ban kwana", wato ba da gaskiya ga wani da dogara gare shi. Wanda ya dogara ga wani ba shi da bakin yin kirari irin na ɗan kokowa, kuma abin da Afisawa 2:8-9 take koyarwa ke nan, cewa ceto baiwa ce, ba sakamakon aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya.

Wani ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ya tambaya ko saboda cin nasara ne ake kiran Kirista Nasara. A'a, ɗana, kalmomi biyu ne dabam, kuma kunne yana rabe su, domin a sunan ana jan gaɓar tsakiya. Sunan ya zo ne daga kalmar da Larabawa suke kiran Kiristoci da ita, wadda yawancin masana suke dangantawa da garin Nazarat. Bayan sojojin Faransa sun shigo Damagaram a 1899, sai sunan ya ƙara karkata ga Bature da mulkinsa, wanda ya sa Kiristocin Hausawa da yawa suka fi son a kira su Kirista ko masu bi.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo ce a unguwar Birni, wanda ya ji jikansa yana waƙar "bege" a coci, alhali shi begen Annabi ya sani. Baba, Allah ya ƙara girma. Asalin bege shi ne tsananin marmarin wanda ake ƙauna, kuma a kan wannan ma'ana masu bege suke rera waƙoƙinsu. Kiristoci sun ɗauki kalmar don sa zuciya ga alkawarin Allah, saboda "fata" ta yi musu rauni: mai goyon bayan ɗan kokowar jaharsa fata yake yi, yana iya komawa gida da murna ko da hawaye. Jikanku kuwa yana nufin jiran abin da ya gaskata cewa an riga an yi masa alkawarinsa, tare da marmarin ganin wanda ya yi alkawarin.